Me za mu kira "multimedia" da Hausa?

Ɗan Kusugu:
Salamu alaikum. Malamai da 'yan uwa, ku ba ni aron hankalinku. Muna kammala wani aikin bincike a kan labarin Bayajidda, amma ba littafi ba ne, abu ne da za a buɗe a waya ko kwamfuta. Akwai muryoyin dattawan da muka ɗauka a Daura, akwai bidiyon rijiyar Kusugu da hawan Sallar Gani, akwai taswirar da ke bin tafiyarsa daga Borno zuwa Garun Gabas, zuwa Gaya inda maƙera suka ƙera masa wuƙa, har Daura. Sannan kowace magana da rubutunta a ƙasa. Bature na kiran irin wannan "multimedia". Dole mu sa wa aikin suna da Hausa. Na'urar fassara ta ba ni "kafofin watsa labarai da yawa", alhali mu ba gidan rediyo muka buɗe ba.

Bakatsiniya:
Wa alaikumus salam. Yaya, me ya hana "ji da gani"? Tun muna firamare ake cewa kayan ji da gani, kowa ya san shi.

Ɗan Kusugu:
Ƙanwata, wannan ya tsaya a kaset da majigi. Ya bar rubutu, ya bar taswira. Kuma a namu mai kallo ke zaɓen inda zai shiga: ya taɓa Gaya a taswira, muryar da ta yi maganar maƙera ta taso.

Mai Kwamfuta:
Ni dai a ce maltimidiya a huta. Da kwamfuta da intanet da bidiyo duk ba haka muka yi musu ba?

Malamin Adabi:
Aron kalma ba laifi ba ne, amma waɗancan bakin mutane ne ya ɗauke su kafin alƙalami ya rubuta. Je ka kasuwar Kwari ka ce maltimidiya ka ga ko wani zai waiwayo. Ɗan Kusugu, bari in tambaye ka: a cikin aikin nan me ya fi ba ku wahala? Sau da yawa a nan sunan abu yake ɓoye.

Ɗan Kusugu:
Allah ya gafarta Malam, ɗaurawa. Tara kayan bai kai rabin wahalar haɗa su ba. Dattijo zai ce macijin nan Sarki ba ya barin a ɗebi ruwa sai ranar Juma'a, to dole rubutun jimlar ya fito daidai lokacin da bakinsa ya faɗe ta. Mun yi amfani da ELAN, manhajar da masana harshe ke ɗaure rubutu da sauti da ita, jimla bayan jimla. Da muka yanke gaisuwar farko daga sautin, duk rubutun ya goce, sai ka ji ana maganar tsohuwa Ayana da ta sauke shi a Daura amma a ƙasa ana karanta Bagwariya, ƙwarƙwararsa.

Ga kuma saɓanin ruwaya. Wani ya ce kan macijin Bayajidda ya tafi da shi, shi ya nuna wa sarauniya Daurama. Wani ya fi ba da ƙarfi ga takalmin da ya bari a bakin rijiya. A littafi za ka zaɓi ɗaya ka tura sauran ƙasan shafi. Mu sai da muka tsara yadda kowace ruwaya za ta tsaya da muryar mai ita, ta kuma kai ka ga 'yar'uwarta a daidai gaɓar da suka rabu.

Mai Kwamfuta:
Tunda an zo nan, nauyin kaya fa? Sautin WAV mai ingancin faifan CD yana cin kusan megabayit 10 a minti guda, MP3 mai kilobit 128 a daƙiƙa kuma kusan 1. Ku ajiye asalin a WAV, ku ba jama'a MP3, in ba haka ba kuɗin data zai kori waɗanda aka yi abin dominsu. Kuma don Allah kada ku gina shi a kan manhajar kamfani guda. Ayyukan jami'o'i da yawa da aka yi da Flash sun daina buɗuwa bayan Adobe ya janye shi a ƙarshen 2020. Kayan na nan, abin da ya ɗaure su ne ya mutu.

Malamin Adabi:
To kun ji. Ku biyu duk magana ɗaya kuka yi. "Da yawa" ba ita ce zuciyar kalmar ba, don rumbun da aka zuba kaset da hotuna da takardu shi ma da yawa ne. Abin da ya bambanta naku shi ne an haɗa su suna aiki tare. Ina ganin "haɗakar kafofi". Kafa mun riga mun saba da ita a kafar sadarwa, haɗaka kuma ta 'yan kasuwa ce, kowa ya kawo nasa a yi abu guda. Sai a ce aikin haɗakar kafofi, darasin haɗakar kafofi.

Bakatsiniya:
Malam, ni tsorona kada a ji kamar haɗin gambiza.

Malamin Adabi:
'Yata, gambiza ita ce haɗin da bai dace ba. Haɗaka da yarda ake yin ta.

Ɗan Maraɗi:
Mu nan ma da Faransanci kalmar ɗaya ce, kuma ba mu da tata Hausar, don haka na karɓa. Amma ku riƙe jam'in, kada wani ya gajarta ya ce haɗakar kafa. Mutanenmu da yawa ba sa sa lanƙwasa a waya, ba za a san kafa ake nufi ko ƙafa ba. Kafofi kuwa ba ta rikicewa da ƙafafu. Af, kuma ku tuna mu a Nijar ƴ muke rubutawa inda kuke sa 'y. Wanda ya nemi "ƴaƴan Bawo", wato Bawo ɗan Bayajidda, a cikin aikinku ya kamata ya same su.

Ɗan Kusugu:
Wannan ta lanƙwasa ta taɓa mu. Fayil ɗin rubutun ƙasan bidiyo in ba a adana shi a tsarin haruffa na UTF-8 ba, ɗ da ƙ da ɓ sai su koma alamar tambaya ko tarkace. Sunayen fayil kuwa mun bar su ba lanƙwasa gaba ɗaya. Zan gaya wa mai tsara mana wurin nema ya ɗauki ƴ da 'y abu guda.

Saura sunan labarin kansa, abin da Bature ke ce wa "myth", Malam. Wani ya ce mu sa tatsuniya.

Malamin Adabi:
Kul. Tatsuniya da "ga ta nan ga ta nanku" take farawa, mai yi da mai ji duk sun san Gizo bai taɓa rayuwa ba. Ba za ka zauna gaban dattijon Daura, rijiyar na nan ana ɗiban ruwanta, ka ce masa tatsuniya ya ba ka ba. A sassan Hausa na jami'o'i "tarihihi" muke cewa, labarin da ya ɗauko kamannin tarihi kuma masu shi suka riƙe shi a matsayin asalinsu.

Ɗan Kusugu:
Na gode, Allah ya ƙara girma. Abin da zan kai wa mai duba aikin ke nan: "Tarihihin Bayajidda: Aikin Haɗakar Kafofi". Mai Kwamfuta, in ka samu sarari ina so ka duba mana girman bidiyon Gani kafin mu ɗora.

Mai Kwamfuta:
Turo. Amma ni a shago maltimidiya zan ci gaba da cewa sai na ji kwastoma ya fara faɗin taku.