AC na busa iska mai zafi idan mota ta tsaya

Direban Corolla: Assalamu alaikum. Corolla ce 2010. Idan ina gudu AC na sanyi, da na shiga cunkoso sai iskar ta koma zafi. Gas ne ya ƙare?

Mai gyaran AC: Wa alaikumus salam. Kada ka yi saurin zuba gas, Malam. Wannan alamar fanka ce. A kan gudu iskar hanya ke sanyaya kwandansa, wato abin da ke fitar da zafin gas ɗin AC, a tsaye kuwa aikin fanka ne. Ta da mota, kunna AC, buɗe bonet ka duba fankar. In ba ta juyawa, fara da fiyus da rile (makunnin da ke ba ta wuta) kafin ka zargi injin da ke juya fankar. In tana juyawa, leƙa kwandansa a gaban lagireto, ƙurar hunturu kan toshe ta. A wanke da ruwa marar ƙarfi, don kada haƙarƙarinta su lanƙwashe.

Injiniya: Ƙari a kan haka, a sa geji a auna matsin gas. Da gas irin R134a, ɓangaren ƙaramin matsi ya kamata ya zauna wajen 25 zuwa 45 psi. In shi da ɓangaren babban matsi duka sun faɗi, yoyo ne, domin gas ba ya ƙarewa haka kawai. Shafa ruwan sabulu a mahaɗar bututu, inda ka ga kumfa na tashi ko maiƙo ya kama ƙura nan ne matsalar, galibi robar mahaɗar ce ta bushe.

Mai gyaran AC: Bayan gyara a zuƙe iska da injin bakyum na minti 30, sannan a auna gas da sikeli daidai da abin da takardar ƙasan bonet ta nuna. Cika shi fiye da kima na kashe kwamfaresa, wato injin da ke tura gas ɗin.