Shafin shagona ya ƙi fitowa a Google, ina mafita?

Alhaji Mai Shadda: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Wata bakwai ke nan da aka yi wa shagona na Kantin Kwari shafin intanet. In ka rubuta sunan shagon a Google, ga shi nan. In ka rubuta "shadda a Kano", ko sama ko ƙasa, har shafi na biyar na duba. Jiya wani ya turo mini saƙo, wai in ba shi naira 150,000 ya kai ni shafin farko cikin sati ɗaya. In tura?

Hajiya Mai Turare: Wa alaikumus salam. Alhaji, riƙe kuɗinka. Irinsa ya ci nawa bara. Ya je ya zuba adireshin shafina a wasu shafukan banza na ƙasashen waje, har da na caca, wa'iyazu billahi. Ciniki ko na kwabo bai ƙaru ba.

Injiniya Bashir: Gaskiyar Hajiya ce. Sayen mahaɗa, wato biyan kuɗi a sa adireshin shafinka a wasu shafuka, laifi ne a dokar Google, tun 2012 suka fito da tsarin Penguin don kama masu yin haka. Su da kansu suna cewa babu mai iya ba ka tabbacin matsayi na ɗaya.

Ranka ya daɗe, yanzu na buɗe shafin naka a waya da data. Sai da na ƙirga 14 kafin hoton farko ya sauko. Hotunan yadda aka ɗauke su aka ɗora, ɗaya ya kai megabait 6. Mai saye daga Maraɗi ko Damagaram ba zai tsaya jira ba, kuma Google da fuskar waya yake auna shafi, ba ta kwamfuta ba. A rage nauyinsu, a mayar da su WebP, wato tsarin hoto mara nauyi, sannan a gwada saurin shafin a PageSpeed Insights na Google, kyauta ne. Abin da ya fi damuna ma shi ne babu rubutu. Hoto 40 a jere, kowanne sunansa IMG da lamba, ba a ce wannan gezna ce, yadi biyar, ruwan toka ba. Da me Google zai san shadda kake sayarwa?

Alhaji Mai Shadda: Ikon Allah. Yaron da ya yi mini cewa ya yi ya cusa kalmomin bincike a ciki, inda ba a gani.

Injiniya Bashir: Wannan gurbin tun 2009 Google ya ce ba ya kallonsa. Kowane kaya a yi masa shafinsa, da take, da bayani, da farashi.

Sadiya: Baba Alhaji, kafin nan ka buɗe Google Business Profile, shi ma kyauta. Shi ke sa shago ya fito a taswira. Ka sa layinku da lambar shago, don kowa ya san Kwari ɓata ake yi, da lokacin buɗewa, da hoton ƙofar shagon. Duk wanda ya yi sari ya ji daɗi, ka roƙe shi ya rubuta ra'ayinsa. Ban da sa yaran shago su yi na ƙarya, gogewa ake yi.

Malam Auwalu: Ni Search Console na Google ne ya buɗe mini ido. Yana nuna kalmomin da aka rubuta har shafinka ya bayyana. Na ga wasu "gezna" suke rubutawa, wasu Getzner, wasu su gauraya da Turanci. Sai na sa duka biyun a bayanin kayan, sau ɗaya kowanne, ba a yi ta maimaitawa kamar karatun allo ba.

Alhaji Mai Shadda: To yaushe za a ga canji? Sallah nake hari.

Injiniya Bashir: Taswirar kan fi sauri. Shafin kuwa sai an yi watanni, kada in yi maka ƙarya. Turo mini yaron gobe bayan La'asar, ina Farm Centre. Ya taho da kalmar sirrin shafin, kuma ka tambaye shi da sunan wa ya yi rajistar adireshin, naka ko nasa.

Alhaji Mai Shadda: Af! Wallahi ban taɓa tambaya ba. Bari in kira shi yanzu.