Mai hatsi Kirista da mudu biyu

Tambaya: 'Yan'uwa, mai sayar da hatsi yana ƙaunar Ubangiji, amma mudunsa biyu ne. Ta ina zai fara tuba?

Baba Dattijo: Ɗana, Maimaitawar Shari'a 25:14 ta hana ko ajiye mudu iri biyu, babba da ƙarami, a gida. Ya fasa wanda aka buga wa gindi. In ya ɓoye shi bayan buhu, ranar da hatsi ya yi tsada hannunsa zai koma can.

Mama Zumunta: Sai biyan hakki. Zakka, mai karɓar haraji, ya ce zai mayar wa duk wanda ya cuta ninki huɗu, duba Luka 19:8. Masu sayen da ya sani, ya cika musu awon da ya tauye, ya faɗi dalili. Zuba kuɗin a baikon coci ba ya wanke wannan.

Mai bishara: Ya sanar da fasto, a riƙa duba awonsa. Riba za ta ragu, a nan yawanci ake ja da baya.