Magazin ɗin gasa na Para P16-40, ina ake samu yanzu?

Abu Sumayya, Hiyuston:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar masu harkar gasar harbi a nan Amurka, musamman masu shiga gasar USPSA, wato ƙungiyar gasar harbi ta Amurka. Ina da fistol Para P16-40, tsohuwa ce ƙirar Kanada tun kafin kamfanin ya taso zuwa Amurka, da ita nake shiga rukunin Limited kuma wallahi bindigar nan ba ta da laifi ko kaɗan, hannuna ya saba da ita. Magazin ne matsalar. Nawa duk sun gaji, ɗaya bakinsa ya buɗe har harsashi na tsalle ya fito da kansa, wani kuma gindin da aka ƙara masa ya tsage saboda yawan faɗuwa ƙasa lokacin canji, na je neman irinsa mai shago ya ce an daina kawowa. Da magazin ɗin asali harsashi 16 kawai nake ɗauka, alhali abokan karawa suna shiga da 20 ko fiye, kun ga kenan akwai wurin da zan canja magazin su ba su canja ba, lokaci na tafiya. Wasu a filin suna ta cewa in sayar in sayi bindiga ƙirar 2011 in huta, ni kuma raina bai so. Don Allah akwai mafita?

Baban Khalifa:

Wa alaikumus salam. Malam Abu Sumayya kar ka sayar, don Allah kar ka sayar. Sunan Para ne ya mutu amma ƙirar tana nan da ranta. Kamfanin da ya mallaki Remington ne ya saye su a 2012, zuwa 2015 aka rufe sunan gaba ɗaya, ita kanta Remington ɗin ta karye a 2018 ta sake karyewa a 2020, shi ya sa in ka shiga shago kana cewa Para sai a girgiza maka kai. Canja sunan da kake tambaya da shi. Rock Island Armory, wato Armscor na Filifin, manyan fistol ɗinsu ƙirar 1911 masu jera harsashi layi biyu a kan ƙirar magazin ɗin Para aka yi su, saboda haka ka riƙa nema da sunan Para/Armscor ko RIA HC, za ka ga kaya sun fito.

Hanya biyu ce a gabanka. Mai sauƙin kuɗi ita ce ka sayi Mec-Gar na Italiya, sun daɗe suna yin magazin ɗin Para, sai ka sa masa dogon gindi na Dawson Precision ko Taylor Freelance, ka canja sifirin da abin tura harsashi da na Grams. Amma nan fa sai ka natsu, domin gindin da aka yi wa bututun Para na asali ba lallai ya zauna a na Mec-Gar ba, ƙasansu ba iri ɗaya ba ne, ka tambayi mai sayarwa ƙarara wane bututu aka yi wa kafin ka biya. Mai tsadar kuma MBX, cikakken magazin mai tsawon milimita 140 da aka ƙera shi a haka tun farko, ba haɗe-haɗe, kuɗin ɗaya zai saya maka Mec-Gar da yawa amma ni shi na fi yarda da shi ranar gasa. Ka fara da guda ɗaya ka gwada ko yana kamawa ya kuma faɗo da kansa in ka danna, tsofaffin firem (jikin bindigar) na Kanada wani lokaci sukan ɗan bambanta.

Sannan kar wani ya ruɗe ka da magazin ɗin STI ko Staccato, na 2011 ne, a ido kamar Hassan da Hussaini amma ba ya shiga Para.

Maman Iman:

Yaya Baban Khalifa ya faɗi gaskiya, abu ɗaya zan ƙara wanda nake ganin ya fi duk wannan muhimmanci. Ka sayi ma'aunin magazin na USPSA kafin ka sayi komai. Mu dai 140 muke cewa da baki amma doka milimita 141.25 ce a Limited, a rukunin Open kuma 171.25, kuma idan ka haɗa bututun wani kamfani da gindin wani kamfani sai tsawon ya iya haurawa da ɗan abin da ido ba ya gani, a babbar gasa in aka auna bai shiga ba to an mayar da kai Open kenan, ka je kana karawa da masu madubin saiti da kwamfenseta (abin rage tsallen bindiga) da bindigarka ta Limited. Na ga an yi wa wani bawan Allah haka, tausayi ya kama ni sosai saboda ya yi harbi mai kyau ranar.

Kuma kar ka nace sai ka cusa harsashi na ƙarshe da ƙarfi. Magazin mai ɗaukar 19 da yake shiga lafiya lokacin canji ya fi mai 21 da sai ka doka shi sau biyu. Wanda bakinsa ya buɗe kuwa ka yi masa alama ka bar shi na atisaye a gida ba harsashi.

Alhaji na Baltimo:

Ku 'yan Tekzas kun ji daɗinku. Ka dai kula da inda za ka je gasa da su ɗana. Kalifoniya, Niyok da Nujazi iyaka 10 ne, Kolorado 15, mu nan Merilan ba a sayar da wanda ya wuce 10 a cikin jiha, shaguna da yawa ma ba za su aiko maka ba da zarar sun ga adireshin. Ka karanta dokar jihar da kanka kafin ka loda mota. Na kuma ga wani ya turo mini saƙo daga gida yana tambaya ko za a iya sako masa irin wannan a cikin kaya, a'a, fitar da shi daga Amurka sai da lasisi, kuma a Najeriya fistol na cikin makaman da dokar 1959 ta haramta sai da izinin shugaban ƙasa. Kar wanda ya jefa ɗan uwansa a wannan rigima.

Na hannu kuma da ake tallarsu a intanet, in ba a nuna maka hoton bakin magazin ɗin kusa-kusa ba, ƙyale shi.

Abu Sumayya, Hiyuston:

Allah ya saka muku da alheri, hankalina ya kwanta. Na yi odar ma'aunin yanzu, zan fara da MBX guda ɗaya da Mec-Gar biyu in gani. Baban Khalifa, sifirin na Grams mai zagaye nawa kake sawa a na 140 ɗinka na .40? Kuma abin tura harsashin nasu yana riƙe silaid (saman bindigar da ke ja da baya) a buɗe in harsashi ya ƙare ko ba ya riƙewa?