Wacce za ta iya haihuwa a ɗaki, wacce kuma ba za ta jira ba?

Uwar zaure: Assalamu alaikum. Tambaya ta yi yawa kan mai ciki wata takwas da dangin miji ke so ta haihu a ɗaki. Masu sani, bismillah.

Sista, Pantami: Wa alaikumus salam Hajiya. A fara duba katin awonta. Akwai waɗanda ba a ma kawo zancen gida a kansu: mai cikin fari, wadda aka taɓa yi wa tiyatar haihuwa, mai tagwaye, wadda ɗan ya kwanta a gicciye, wadda ta haihu biyar ko fiye, da wadda jininta ya hau zuwa 140/90. Waɗannan su yi awo inda ake da ɗakin tiyata da ajiyar jini, kamar Asibitin Ƙwararru ko Asibitin Koyarwa na Tarayya a nan Gombe. Sauran ma asibitin unguwa ya fi musu ɗaki.

Jami'in lafiya, Kumo: Haka ne Sista. Abin da na fi tsoro shi ne zubar jini, don ba ya sallama, ko wadda awonta lafiya lau yana iya kama ta. In naƙuda ta riske ta a gida, ga misoprostol, maganin hana zubar jini da ake bayarwa wajen awo: ƙwaya 3 masu microgram 200, ta haɗiye bayan jariri ya fito, an kuma shafa cikin an tabbatar babu na biyu. Kada a ba ta kafin haihuwa wai don naƙuda ta yi sauri, yana iya fasa mahaifa. In mabiya ba ta faɗo ba bayan minti 30, kada a ja cibiya. A sa jariri a nono, ta yi fitsari, a kama hanya. In jini na zuba, a riƙa murza marar har a isa.

Sista, Pantami: Shi ya sa tun wata bakwai maigida ya ajiye lambar direba, kuɗin mota, da 'yan uwa biyu masu iya ba da jini.

Uwar zaure: Doguwar naƙuda fa? Awa nawa ake jira?

Anti ungozoma, Bolari: Ta kai awa 12, a tafi, Hajiya. Kan ɗan yana danne mafitsara ne har naman wurin ya mutu, daga nan yoyon fitsari. Yankan gishiri ba ya buɗe hanya, ƙara ɓarna yake yi. Wadda ta riga ta samu lalurar, akwai cibiyar tarayya ta yoyon fitsari a Ningi, jihar Bauchi, ana ɗinki.

Cibiyar jariri kuma, sabuwar reza da zare mai tsabta. Bayan nan man chlorhexidine mai kashe ƙwayoyin cuta kawai, sau ɗaya a rana har kwana 7, kuma kada ya taɓa ido. Ban da toka, man goge baki ko gashi da tsumma. A ba shi dakashi cikin awar farko, wanka ya jira sai bayan awa 24.