Fiza da farin kabeji a madadin fulawa: waɗanda suka taɓa gwadawa su ba mu labari

Maman 'yan biyu, Birnin Kebbi:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun da likita ya tabbatar wa maigidana cewa yana da ciwon suga, girkin gidanmu ya sauya, domin an umarce shi da ya rage fulawa da farar shinkafa, mu kuwa a Kebbi kowa ya san matsayin shinkafa a tukunyarmu. Abin da ya fi damuna shi ne daren Juma'a, lokacin da na saba yi wa yara fiza, shi kuma ya zauna gefe da kofin shayi ba suga yana kallonsu. Na ji ana cewa ana iya yin burodin fizar da farin kabeji, wato dangin kabejin nan da ake cin farin furensa, saboda haka na saya guda ɗaya a wajen mai kayan lambun da ke kawo kaya daga Jos, na goge shi, na fasa ƙwai biyu a ciki, na baza a faranti na sa a obin. Abin da ya fito bai yi kama da burodi ba ko kaɗan, ya fi kusa da fate, kuma rabinsa ya manne a farantin sai da na kankare da cokali. Ina roƙon duk wadda ta taɓa yi ta faɗa mana yadda nata ya kasance, ko ya yi kyau ko bai yi ba.

Hajiya mai girkin biki, unguwar Gesse:

Wa alaikumus salam, Maman 'yan biyu. Allah ya ba maigida lafiya. Abin da ya same ki shi ya same ni a karon farko da na biyu, kuma dalilin guda ne, wato ruwa. Farin kabeji kusan kashi 92 cikin ɗari na nauyinsa ruwa ne, kuma ba shi da sinadarin gulutin da ke sa kwaɓin fulawa danƙo, don haka idan ba ki fitar da ruwan kafin gashi ba, a cikin obin zai fito ya dafa miki kwaɓin maimakon ya gasa shi.

Ga yadda nake yi yanzu. Ina yanke ganyen da ƙashin tsakiya, in wanke furen da ruwan gishiri saboda ƙananan tsutsotsin da kan ɓuya a ciki, in goge da abin gogar kuɓewa har ya koma kamar tsakin shinkafa. Daga nan sai in zuba a madambaci in turara na minti biyar zuwa bakwai, kamar dai za a yi dambu, in juye a tire ya huce. Kada ki yi gaggawa a nan, domin ni na taɓa ƙona tafin hannuna garin matse shi da zafinsa. Idan ya huce sai in zuba a ƙyallen tatar koko, in murɗa bakin ƙyallen, in matse da iya ƙarfina, in huta, in sake matsewa. A kan kabeji guda matsakaici nakan tara ruwan da ya kusa cika kofi, kuma abin da ke saura a ƙyallen bai wuce dunƙulen da zai cika tafin hannu biyu ba. Duk lokacin da kika ga kamar kin gama, to da sauran ruwa.

Wannan dunƙulen nake haɗawa da ƙwai guda ɗaya tak, da rabin kofi na gogaggen cukun mozarela, da ɗan gishiri da tafarnuwa. Ƙwai biyun da kika sa sun ƙara miki ruwa ne. Sai in shimfiɗa takardar gashi, in shafa mata mai kaɗan, in baza kwaɓin da hannu, kaurinsa kamar rabin santimita, bakin ya ɗan fi tsakiya kauri don kada ya ƙone. Ana gasa shi shi kaɗai a digiri 200 na minti 20 zuwa 25 har ya yi ja, a juya ɗaya gefen na minti biyar, sannan a ɗora kayan sama a mayar na minti takwas zuwa goma. Miyar tumatir ɗin ma sai an soya ta ta tsane sosai, in ba haka ba aikin matsewar ya tashi a banza.

Uwargida daga Jega:

Hajiya ta gama bayani ga masu obin, ni kuma zan yi magana a madadin waɗanda ba su da shi. Nawa na lantarki ne, kuma ranar da na fara gwadawa ina sa kwaɓin aka ɗauke wuta, har dare ba a dawo da ita ba, tun daga ranar na koma kan gawayi. Ina amfani da babbar tukunyar da nake gasa kek a ciki, in zuba yashi a ƙasanta, in ɗora duwatsu uku, in bar ta ta ɗauki zafi kafin in sa farantin, sannan in zuba garwashi a kan murfin. Garwashin saman ya kamata ya fi na ƙasan yawa. Na koyi wannan ne bayan ƙasan fizata ta farko ya yi baƙi ƙirin, saman kuwa ko cukun bai narke ba.

Wurin da na saɓa da Hajiya shi ne turarawa. Ni ba na turara shi, a busasshen kasko nake zuba gogaggen kabejin ba tare da mai ba, in yi ta juyawa a kan wuta kaɗan kamar ana suyar gyaɗa, har tururin ya daina tashi, wanda yakan ɗauki kamar minti goma sha biyar. Duk da haka ina matsewa a ƙyalle, amma ruwan da ke fita kaɗan ne, kuma hannuna da ke ciwo yana samun sauƙi. Wani amfanin kuma shi ne warin nan na kabeji yana raguwa ƙwarai. A sama nakan sa albasar Aliero da na ɗan soya, da tattasai, da ragowar tsire idan maigida ya shigo da shi.

Amarya daga Kamba:

Anti Maman 'yan biyu, mu nan bakin iyaka samun mozarela sai wani zai je Birnin Kebbi ko Sakkwato, ga zafin hanya da ke lalata shi kafin ya iso. Saboda haka na gwada abin da ke kusa da ni. Cukun Nijar busasshe ba ya narkewa irin na kanti, amma da na daka shi a turmi ya zama gari, ya taimaka wajen tsotse danshin kwaɓin, kuma ya ba shi ɗanɗano mai daɗi. Sai dai bai riƙe shi yadda nake so ba, ana ɗaga yanka guda yana karyewa. Na sake gwadawa da ɗanyen awara da na matse na murmushe a ciki, wannan ya fi laushi, kuma ya fi ƙosarwa, amma shi ma da cokali mai yatsu muka ci. Wanda ya fi yi mini kyau shi ne lokacin da na ƙara cokali biyu na garin alkama a kan garin cukun, kuma na yi su ƙanana kamar faɗin bakin kofi maimakon babba guda ɗaya. Ƙananan suna gasuwa a kaskon da ba ya kamu, kuma juya su ba wuya.

Ma'aikacin jinya daga Argungu:

Hajiyoyi, a yi mini afuwa na shigo maganar mata, ni ma mai ciwon suga ne, kuma uwargidana tana yi mini wannan fiza. Bambancin da ke tsakanin kayan biyu babba ne: giram 100 na ɗanyen farin kabeji yana da kalori (ma'aunin kuzarin da abinci ke bayarwa) kusan 25 da kabohaidiret (sinadarin da ke komawa suga a jini) kusan giram 5, yayin da giram 100 na fulawa ke da kalori fiye da 360 da kabohaidiret kusan giram 76. Ina auna sugana da na'urar gida awa biyu bayan cin abinci, kuma abin da nake gani bayan wannan fiza ya yi ƙasa sosai da abin da nake gani bayan burodi ko tuwon shinkafa.

Amma akwai kuskuren da na yi da nake so maigidanki ya kauce masa. Da na ji an ce abincin lafiya ne, sai na riƙa cinye fiza guda ni kaɗai, cuku a cikin kwaɓi, cuku a sama, ga sosej. Cuku da sosej suna da kitse da gishiri mai yawa, ni kuma ina da hawan jini bayan sugan, saboda haka abin da na gyara ta nan sai na ɓata ta can. Yanzu yanka biyu ko uku nake ci tare da salak, kuma mun bar sosej mun koma gasasshen kifi da aka cire wa ƙaya, wanda mu a Argungu ba ma rasa shi. Miyar tumatir ta kwalba ma a duba, domin da yawansu ana zuba musu suga. Ga Amarya kuma, cokali biyu na alkama a fiza guda ba yawa ba ne, amma garin shinkafa ko sitaci da wasu ke zubawa don kwaɓin ya kama suna mayar da mai suga inda ya baro. Maganin da likita ya rubuta kuwa yana nan daram, fiza ba ta maye gurbinsa.

Malamar makaranta daga Zuru:

Ni gaskiya sau biyu na yi na haƙura. Farin kabeji ba ya son zafi, shi ya sa ba a cika noma shi a wajenmu ba, kuma kafin ya iso daga Filato kuɗinsa ya ninka, wani lokaci ma furen ya fara yin ɗigo-ɗigon baƙi. Idan na haɗa kuɗinsa da na cuku da gas, nakan ga gara in yi wa mahaifiyata alalen wake ko kwaɗon zogale, waɗanda ta saba da su kuma take ci da marmari. Ta ci fizar don kada in ji ba daɗi, daga baya ta yi ta ƙorafin kumburin ciki, wanda dangin kabeji sukan jawo wa wasu mutane. Yarana kuwa suna gutsura suka gane, ƙaramin ya ce wannan wainar ƙwai ce aka yi wa kwalliya. Wadda za ta yi, ta bari sai lokacin sanyi, tsakanin Disamba da Fabrairu, a lokacin na fi samun mai kyau da sauƙin kuɗi.

Maman 'yan biyu, Birnin Kebbi:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Jiya na sake gwadawa, na bi hanyar Uwargida ta busasshen kasko, sannan na matse kamar yadda Hajiya ta ce, kuma na yi mamakin ganin ruwa yana ɗiga daga ƙyallen duk da suyar da na yi masa. Ƙwai ɗaya na sa, na yi ƙanana guda huɗu irin na Amarya, na ɗora musu tsokar kaza da tattasai. Uku sun fito lafiya, har maigida ya ɗauki ɗaya da hannu bai karye ba, ta huɗun kuwa ta yage wajen juyawa saboda na yi saurin taɓa ta kafin ƙasan ya kama. Yara na yi musu tasu ta fulawa kamar kullum, domin ban shirya rigimar da Malama ta sha ba, sai dai ɗaya daga cikin 'yan biyun ta ci rabin ta babanta ba ta ce komai ba. Malam, na isar masa da saƙonka game da yawan ci, ya yi dariya ya ce biyu kawai ya ci. Hajiya, saura tambaya ɗaya: idan na matse kabeji da yawa lokacin da yake araha, zan iya ajiye dunƙulen a firiza, ko sai na gasa faifan fizar tukuna?

Hajiya mai girkin biki, unguwar Gesse:

Ki gasa tukuna, 'yata. Na taɓa daskarar da ɗanyen dunƙulen, da ya narke sai da na sake matse shi daga farko. Gasasshen faifan kuwa, idan ya huce sarai, ina jera su da takardar gashi a tsakaninsu in ɗaure a leda, kuma ranar amfani ba na jiran ya narke, kai tsaye nake mayar da shi obin na minti biyar kafin in shafa miya. Sai dai wannan ga wadda firizarta ke samun wuta ne, idan ya narke ya sake daskarewa ko sau ɗaya, laushinsa ba ya gyaruwa.