Burokoli marar ɗaci: shawarwarin masu lambu

Da aka tattauna kan burokolin da ke fitowa da ɗaci, bakin masu lambu ya zo ɗaya a kan cewa zafi ne ke jawo ɗacin. Burokoli shuka ce dangin kabeji da ake cin koren kanta, mai son sanyi, digiri 15 zuwa 20, shi ya sa take yin kyau a Jos. A Kano ko Zariya kuwa, sai a yi reno a Oktoba, a dasa bayan mako 4 zuwa 6, don kan ya ƙosa cikin hunturu, tun zafin Maris bai kama ba.

Ban ruwa kada ya yanke, kuma a zuba ruɓaɓɓen taki. A bar tazarar santimita 45 tsakanin shuke-shuke.

Inda aka ɗan yi ja-in-ja shi ne lokacin yanka. Wasu na jira kan ya ƙara girma. Ni dai ina bayan masu cewa a yanka da sassafe, ƙwayoyin suna matse, koren shar. Da furen rawaya ya leƙo, daɗin ya ragu. Kada a tumɓuke gindin, zai fitar da ƙananan kawuna a gefe.

Tsutsa kuma, a duba bayan ganye, sannan a jiƙa kan a ruwan gishiri kafin girki.